Tsagen da Na Goge

Ni ban yi karatu mai nisa ba, ba kuma zan ɓoye ba. Aji huɗu na yi a firamare, daga nan sai shagon hoto a bakin kasuwar Haɗeja, inda na girma har na yi furfura. Abin da na iya a duniya ke nan. A ɗakin duhu, in ka ba ni fim, ko ido a rufe zan fitar maka da fuskar mutum. Na daɗe ina ganin ni gwani ne, har waya ta zo ta shiga aljihun kowa, mai sayar da rake ma ya zama mai hoto. Na wayi gari babu mai shigo mini sai masu fasfo, su ma sai in makaranta ta matsa musu.

Na sayi tsohuwar kwamfuta da kyamara mai kati a hannun wani da ya gaji da sana'ar ya koma noman shinkafa a Kafin Hausa. Ya fi ni hankali. Kwamfutar ta yi watanni a kan tebur, na lulluɓe ta da zanin gado. In na kunna ta turanci take yi mini, ni kuma in kashe ta.

Wadda ta koya mini wata malama ce 'yar kudancin Kaduna, tana koyar da zane a wata makarantar 'yan mata. Sun daɗe a garin ita da mijinta, har Hausarsu ta koma irin tamu. Fasfo ta zo ɗauka. Na tsayar da ita jikin farin ƙyalle, na watsa mata filasha a fuska yadda na saba. Da ta ga abin da ya fito sai ta yi dariya har da dafa tebur.

"Malam, wannan ɗaukar hoto ne ko mari? Dubi goshina kamar an shafa masa man gyaɗa. Ina hancina ya tafi?"

Na ce, "Madam, hancinki yana nan inda Allah ya ajiye shi. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa na ɓatar masa da hanci."

"Kunyarka suke ji," in ji ta. "Ni ba na ji."

Ashe ta koyi aikin a Jos tun tana ɗaliba. Ta yaye zanin da ke kan kwamfutar, ta tambaye ni ko gawa ce nake jiran a yi mata salla. Daga ranar, duk Asabar bayan azahar takan zo. Ban ji daɗin mace ta zaunar da ni tana nuna mini sana'ata ba. Telan da ke gefen shagona kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko na yi aikin gida ko kuwa yau akwai bulala. Amma da a yi mini dariya da in rufe shago, na zaɓi dariyar.

Da haske ta fara. Ta sa na cire filasha daga kan kyamara, na kafa fitila a gefe, sama kaɗan da kan mutum, hasken ya ratsa ta cikin farar lema, ɗaya gefen kuma a riƙe farin kwali ya mayar da ɗan haske don kada inuwa ta yi baƙi ƙirin. Ta ce baƙar fata ba ƙarin wuta take so ba, so take a san inda za a ajiye wutar. Wata rana ta zo da ƙwarya mai zane ta ɗora a kujera. Ta haska ta daga gaba, ƙwaryar ta zama sumul kamar ba a taɓa sa mata wuƙa ba. Ta ja fitilar gefe, sai ga kowane zane ya tashi da inuwarsa. Na tsaya ina kallo kamar baƙauye. Shekara da shekaru ina share fuskokin mutane da wuta ban sani ba.

Gyaran hoto a kwamfuta ya fi ba ni wahala. Hannuna babba ne, maus ɗin nan kuma kamar ɗan tsako, in na ce ya yi gabas sai ya yi kudu. A hankali na gane yadda ake ɗebo fata mai kyau daga gefe a liƙa a kan tabo, yadda ake ɗaga haske a rage shi, yadda ake cire mutum daga jikin katangar laka a ajiye shi gaban bene. Doka ɗaya ta kafa mini, kullum sai ta maimaita. Kafin in taɓa hoto in yi kwafinsa, in ajiye na asali a gefe, a kan kwafin zan yi aiki.

"Asali ba a taɓa shi, Malam. Ka ji ko?"

Nakan ce na ji. Amma hoto iri ɗaya guda biyu a cikin kwamfuta rikita ni yake, in rasa wanne ne wanne. In ba ta nan, a kan guda nake aikina.

Da na iya, aiki ya dawo. Kuma duk abu ɗaya mutane suke so. Amarya ta ce a haska ta, uwar amarya ta ce ita ma. Masu neman kujera su kawo hoton fosta su ce a cire ƙuraje, a rage tumbi, a ɗauke shekara goma. Wanda yake da tsage a fuska, musamman 'yan mata da samarin da suka shiga birni, abu na farko da zai ce shi ne a goge. Tun ina tambaya har na daina, don amsar ba ta canzawa. Hannuna ya saba. In na ga layi a kumatu, kafin tunanina ya iso maus ya riga ya wuce ta kai. Madam ba ta son wannan, takan ce ina mayar da mutane sabulu. Ni kuma in ce mata sabulun suka zo saya.

Sai shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna. Kogi ya cika ya tumbatsa, fadama ta haɗe da gonaki, garuruwa da yawa sai da kwalekwale ake shiga. Mu a cikin gari mun sha cika buhuna da ƙasa muna tare bakin ruwa. Bayan ya janye, mutane suka fara kawo mini abin da suka tono daga laka: hotunan aure, na makaranta, na iyayen da suka rasu. Wasu na gyara, wasu na ce a yi haƙuri.

Ranar wata kasuwa wata tsohuwa ta shigo, wani dattijo yana riƙe da gefen mayafinta yana nuna mata dokin ƙofa. Daga Guri suke. Idanunta duk biyu yanar ido ta fara rufe su, sun yi fari-fari. Dattijon ƙanin mijinta ne, masunci, irin masu bakin nan da ba ya hutawa.

"Mai hoto, ga matata na kawo maka," in ji shi. "Yayana ya rasu ya bar mini, shekara da shekaru ina bi ta ƙi ni. Wai wanda ke cikin gilas ya fi ni kyau."

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji ta. "Kai da ko goran kamun kifi ba ka iya hawa yanzu, da me za ka riƙe mace?"

Ta kwance ɗaurin zani, ta kwance wani a cikinsa, sannan ta fito da ɗan firam. Hoto ne mai kala, bai fi tafin hannu ba, mutum daga ƙirji zuwa sama, da hula da farar riga. Wani mai hoto mai yawo ne ya ɗauke shi a kasuwarsu, kuma shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Ɗakinta ya faɗi a ruwan, firam ɗin ya yi kwanaki a ƙarƙashin laka. Takardar ta manne da gilas, ruwa ya bi ta ciki ya ja layuka daga hula har haɓa, ga tabon fumfuna ko'ina.

"Ɗan nan, idona tafiya yake," in ji ta. "A wannan ƙaramin yanzu sai hular nake gani. So nake ka yi mini shi babba, kamar faifai, in gan shi sosai kafin abin ya rufe."

Na ce ta bar shi, ta dawo kasuwa mai zuwa. Ta riƙe firam ɗin ba ta sake ba.

"Bai taɓa kwana a wani wuri ba."

"Iya," na ce, "a hannuna babu abin da zai same shi."

Haka na faɗa, da bakina.

Farkon aikin na yi shi daidai. Na kwantar da firam ɗin, na kafa fitila biyu, dama da hagu, a karkace, yadda gilas ba zai mayar mini da ƙyalli ba. Na ɗauka, ya fito tas, har zaren hular ana gani. Na juye a kwamfuta. Da yammar ina da aikin suna a wata unguwa, katin kyamarata kuma guda ne, sai na share shi na tafi na cika shi da rago da mata.

Washegari da safe na zauna gyara. Na buɗe fuskar ta cika allon. Layuka ne birjik a kumatun nan, wasu launin laka, wasu baƙaƙe. Zan faɗi gaskiya a nan, don na gaji da faɗa wa kaina wani abu daban. Ba wai ban san mutanen wajen Guri suna da tsage ba. Na sani. A raina na ga wasu layukan sun yi tsari da yawa a ce ruwa ne ya ja su. Amma ban tsaya ba. Na ce tsohuwa ce, mijinta take so ta gani da kyau, bari in faranta mata. Na bi kumatun nan ɗaya bayan ɗaya na share. Na ɗaga hasken fatar, na cire jan ido, na gyara wuyan riga. Kafin azahar mutumin ya fito sumul kamar ma'aikacin banki. Na ji daɗin kaina. Na danna ajiyewa, a kan na asalin.

Sai kuma na ce bari in ƙara mata da alheri, in raba takardar da gilas in sa mata a sabon firam. A ɗakin duhu hoto a ruwa ake haihuwarsa, a ruwa yake wanka, na yi wannan sau ba adadi: in takarda ta manne, ka jiƙa ta, za ta saki da kanta. Ban yi tunanin wannan ta riga ta sha ruwan da ya fi ƙarfinta ba, gilas ɗin ne kawai yake riƙe da fuskar. Na zuba ruwa a roba, na nutsa shi, na tafi masallaci.

Da na dawo ruwan ya yi kala kamar an wanke tukunyar rini. Takardar ta saki, gaskiya ne. Fara ce, sai ɗan rawaya-rawaya a gefe. Na ɗaga gilas ɗin, abin da ya rage a jikinsa ya zame ya bi yatsuna.

Na daɗe a tsugune gaban robar nan. Daga baya na lallashi kaina da cewa ai babban yana nan, ya ma fi na da kyau, in ta gan shi ba za ta tambayi ƙaramin ba.

Ranar kasuwa suka dawo. Na fito da shi, babba, a sabon firam, na miƙa mata ina jiran godiya. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta kawo shi dab da fuskarta, tana bin sa daga sama zuwa ƙasa. Ta daɗe. Dattijon ma ya matso ya leƙa.

"Ɗan nan, ba ka haɗa da na wasu ba? Wane ne wannan?"

"Shi ne, Iya. Gyara shi na yi."

"Hularsa ce," in ji ta. "Rigar ma tasa ce. Ina tsagensa?"

Na juya na dubi dattijon. Sau biyu ke nan yana shigowa shagona, sai a lokacin na kalli fuskarsa da gaske. Layuka ne dogaye, daga gefen ido har muƙamuƙi, dama da hagu, tsufa ya nutsa su cikin fata.

"Mijina baƙi ne," in ji ta, ba da faɗa ba. "Rana da ruwa suka dafa shi. Wannan ko ƙugiya bai taɓa riƙewa ba. Karɓi abinka, ba ni nawa ƙaramin."

Na shiga ciki na ɗauko farar takardar da gilas ɗin. Na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ta shafa takardar da yatsa, ta juya bayanta, ta sake juyowa. Ba ta yi kuka ba, na so a ce ta yi. Ta laluba benci ta zauna.

"Kwana da kwanaki yana cikin laka," in ji ta, "ruwan Allah bai cinye shi ba."

Dattijon ya ce, "Kai kuwa mai hoto, wa ya aike ka?"

Na roƙe su su ba ni mako biyu. Ta tashi ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta naɗe farar takardar a zaninta kamar yadda ta kawo ta.

Ban jira Asabar ba, na je na samu Madam a bakin makarantarsu, na faɗa mata duk abin da ya faru. Ta zo ta zauna gaban kwamfutar, ta bincika ko'ina, ta sa katin a wata manhaja mai tono abin da aka share. Muka zauna muna kallo hotuna suna dawowa ɗaya-ɗaya: rago, mai jego, rago an kayar, mata da kwanuka. Hotunan sunan sun hau kansa sun danne. Na jira ta ce, "Ban faɗa maka ba?" Ba ta ce ba. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ƙanin nasa uwa ɗaya uba ɗaya ne?"

Na ce e.

"To tsagen gida ɗaya ne. Ka ɗauki nasa, ka ɗora wa mamacin. Fatar kuma ka mayar da ita yadda Allah ya yi ta. Amma Malam, ka faɗa mata na ƙanin ne. Kada ka ce ka samo na asali."

Na tafi Guri da kaina. Hanya ba ta gama gyaruwa ba, wani wurin mota, wani wurin sai da muka shiga kwalekwale muna ratsa ciyawar kacala. Na samu dattijon a ƙofar gida yana ɗinkin komar kamun kifi, warin bandar kifi ya cika unguwar. Babu wuta a can, ban kuma ɗauko fitila ba. Na zaunar da shi a cikin zaure, gefen ƙofa, yadda hasken hantsi zai shigo ya goge kumatunsa daga gefe, na sa wani maƙwabcinsa ya riƙe mini farin rawani a ɗaya ɓangaren. Kowane layi ya tashi da inuwarsa. Na juya shi na ɗauki ɗaya kumatun.

"Ka ɗauka da kyau," in ji shi. "Yau dai ta hanyar hoto zan shiga ɗakin matar nan." Ya yi dariya, sannan ya daina. "Tun da muka dawo ba ta cin abincin kirki. Takardar nan fara take fitarwa tana kallo."

Kwana shida na yi a kan aikin. Ban taɓa yin aiki da hankali irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Na yi kwafi, na yi kwafin kwafi. Na mayar da fatar baƙa, ina gwadawa da ta ƙanin. Na ɗebo tsagen layi-layi, na lanƙwasa kowanne ya bi kumatun mamacin, don shi ya fi ƙanin cikar fuska, kuma a hoton bai kai shi tsufa ba, sai da na rage zurfinsu. Na daidaita inuwar kowane layi da inda rana take a hoton. Madam ta zo ta gani, ta daɗe tana dubawa, ta ce ko ita ba za ta gane an taɓa ba. Wannan ne karo na farko da ta yaba mini ba tare da ta haɗa da tsokana ba, kuma bai yi mini daɗin komai ba.

Suka zo. Na faɗa mata gaskiya tun kafin in miƙa, na ce tsagen ƙaninsa ne na ara. Ta karɓa ta je bakin ƙofa. Wannan karon da yatsa take bi, tana ƙirgawa a hankali, leɓenta yana motsi. Na ga kafaɗunta sun ɗan sauka.

"Ya dawo baƙinsa," in ji ta. "Adadin ma haka ne." Ta sake bi. "Amma waɗannan duk a miƙe suke. Na wannan tsohon ne. Nasa akwai guda da ya karye."

Ta ba mu labari. Uwar mijin ce ta faɗa mata tun tana amarya: ranar da wanzami yake yi masa, jaririn ya zabura, aska ta tsallake, layi ɗaya ya yanke a tsakiya ya karkata wajen kunne. Har ya girma ana tsokanarsa da cewa tun yana kwana bakwai ba ya zama wuri ɗaya.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na jawo mata kujera gaban kwamfutar, na buɗe fuskar ta cika allon, na ƙara haske yadda za ta gani. Na tambaye ta layi na nawa, ta ce na biyu daga wajen kunne. Na ce wane kumatu?

"Hagu," in ji ta.

Na yanke layin, na karkatar da shi. Ta sa fuskarta dab da allon har numfashinta yana taɓa shi.

"Ƙasa kaɗan. A'a, ka yi yawa. To." Ta sake dubawa. "Kai, kamar ba nan ba ne. Mayar da shi ɗaya gefen."

Na mayar da shi dama. Ta duba. Ta ɗaga hannu ta taɓa kumatunta na dama, ta sauke, ta taɓa na hagu. Ta juya jikinta a kan kujerar kamar mai zama gefen wani, tana gwada inda yakan zauna in ta kawo masa tuwo, da inda ita takan durƙusa. Ta ce in mayar hagu. Na mayar. Ta ce in sake nuna mata na daman.

Ta juya wajen dattijon. "Kai, ɗan'uwanka ne. Wane gefe ne?"

Babu wasa a bakinsa ranar. "Yaya, ni gaba yake da ni. Yaushe zan tsaya ina ƙura masa ido? Na san dai akwai shi."

"Ni ma yana da rai ban cika kallon fuskarsa ba," in ji ta. "Mu ba haka aka tashe mu ba. Sai da ya rasu na ƙoshi da kallonsa, a hoton nan. Kullum da safe. Na san wurin kamar tafin hannuna." Ta nuna allon. "Yanzu na ga wancan mai sumul ɗin, na ga mai tsagen wannan tsohon, na ga hagu, na ga dama. In na rufe ido duk su nake gani. Ɗan nan, ka cakuɗa mini shi."

Telan gefena ya tsayar da keken ɗinkinsa. Na rasa inda zan sa idona.

Sai ta kamo hannun rigata. "Tsaya. Kai ne ka gan shi ƙarshe. Ka buɗe shi babba a wannan abin kafin ka goge, ka fi ni ganinsa ma, da idonka mai lafiya. Kai za ka faɗa mini. Wane gefe ne?"

Na nemi fuskar nan a kaina. Wallahi na nema. Na ga hular, na ga layukan laka, na ga hannuna a kan maus yana tafiya da sauri. Ban ga karyayyen layi ba, don ban tsaya na kalle shi ba ko sau ɗaya. Ni mutum ne da aka sani da faɗar magana yadda take, har matata takan ce bakina ba shi da murfi. Na dubi fararen idanun nan suna jira.

Na ce, "Hagu ne, Iya. Na tuna. Na gan shi a hagu, ya karkata wajen kunne."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta saki rigata, ta sauke numfashi. "Ai na faɗa tun farko," in ji ta. "Hagu ne."

Na fitar da shi babba, na sa a firam. Ta riƙe shi a bakin ƙofa, ta kai yatsa daidai kan karyayyen layin da na zana da hannuna, ta bar shi a wurin. Sannan ta naɗe shi a zani, ta yi mini addu'a, ta ce Allah ya yi wa sana'ata albarka. Na ce amin.

Dattijon ya kama gefen mayafinta ya tsallakar da ita dokin ƙofa. Kafin ya bi ta ya waiwayo ya dube ni, ya ɗan daɗe. Na san ya gane.

Da Madam ta zo Asabar ta tambaye ni yadda aka ƙare, na ce tsohuwa ta karɓa, ta tafi da shi. Ta ce madalla. Ban faɗa mata sauran ba, har suka bar garin ban faɗa ba. Daga baya na ji a bakin masu kawo kifi cewa idon tsohuwar ya rufe gaba ɗaya kafin damina ta zagayo. Wata nawa ta samu tana kallonsa, ban sani ba. Ko fuskar mijinta ta kalla a watannin nan, ko wadda na ƙirƙira, wannan ma ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.